Ƙasa da Ɗari da Arba'in

Litinin, 3 ga wata, da sassafe

Casa'in da biyu. Abin da na'urar awon sukari ta ce ke nan kafin in sa komai a baki. Na goge yatsa, na dafa ƙwai biyu, na yanka kabeji. Wata uku ke nan ni da kabeji, har na fara tunanin in akuya ta gan ni a hanya za ta gaishe ni.

Bari in rubuta abin a tsare, ko kaina zai yi sauƙi. Auta, ƙanena, yana wankin ƙoda sau uku a mako. An gwada jinin kowa a gidanmu, nawa ne kaɗai ya dace da nasa. Sai likita ya ce sukarina yana bakin iyaka. Ba ciwo ba ne tukuna, amma ba za su cire ƙodar wanda ke kan hanyar ciwon sukari ba. Ya ce in rage nauyi, in rage zaƙi, in dawo ranar 27 a yi mini gwaji: a ba ni ruwan gulukos in shanye, a jira awa biyu, a ɗebi jini. In ya tsaya ƙasa da 140, sai maganar tiyata. In ya haura, a nemi wani. Wanin kuwa babu shi.

Umma ta ji an ce "a rage", ta mayar da shi "a daina". Shinkafa, taliya, dankali, burodi, duk wani abu mai sitaci ta haramta mini. Ni kuwa a gidan burodi nake aiki. Daga safe zuwa la'asar ina tsaye a kanta ina sa burodi mai zafi a leda. Allah ya gani.

Laraba, 5 ga wata, lokacin hutun rana

Dogo mai kula da tanda ya yayyanka gefen burodin da ya ƙone, ya zauna kusa da ni yana ci da shayi. Ya leƙa robata.

"Anti, yau ma ganye? Wallahi in kika ci gaba haka, wata rana iska za ta ɗauke ki, mu rasa mai ba da canji."

Na ce masa ya ci nasa ya bar ni da nawa. Ba shi da laifi, zanena ma sai na ninka shi yanzu yake zama.

Na sayo garin gulukos a kemis. Na ga wani a waya yana nuna yadda ake gwajin a gida. Ba na so in je asibiti, Umma na zaune a benci da carbi, a fito a faɗa mana abin da ban shirya ji ba. Gara in ji shi ni kaɗai a ɗakina. Na auna giram 75 sau uku a sikelin da muke auna yis ɗin burodi, na ƙulle kowanne a ledarsa na sa a jaka. Dogo ya gani, bai tambaya ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Maigida ya fita shagonsa na gyaran firji, yaran sun tafi wajen Umma. Na kwana ban ci komai ba, na dama garin a kofin ruwa na shanye. Zaƙin har cikin kunne. Wata uku ina mafarkin zaƙi, ga shi ya zo ina neman yin amai.

An ce a zauna wuri ɗaya, kada a yi aiki. Na zauna ina kallon wankin da ya taru. Bayan awa ɗaya na ji kaina ya yi nauyi, zuciyata tana bugawa da sauri.

Awa biyu. Na soki yatsa.

203.

Na wanke hannu da sabulu, na ce ko garin ne ya maƙale a yatsa. Na sake. 201.

Na wanke kofin. Na yi wankin duka, har da labule.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Na makara. Rabon da in yi barci irin na jiya tun kafin a fara wannan magana. Ban san me ya sa ba, kuma ba na son in sani.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Na bi ta asibiti bayan aiki. Ɗakin wankin ƙoda sanyi gare shi, gadaje a jere, kowa da injinsa yana juya jini. Auta na can ƙarshe kusa da taga, ya rufa da bargon nan mai ruwan ƙasa. Ƙafafunsa sun ƙara kumbura.

An ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, ɗan kaɗan ne. Matarsa na kawo masa ƙanƙara a fulas, ya ɗauki guda ya sa a baki yana tsotsa. Na manta na fito da gorar ruwana na kafa kai. Da na sauke sai na ga idonsa a kan maƙogwarona. Na mayar da ita jaka da sauri.

"Sha abinki, Yaya," ya ce. "Ni kallo ma daɗi yake mini. Ranar da aka sallame ni, kofin nan babba na Umma za ki cika mini. Ba na son lemo, ba na son komai. Ruwa."

Na ce Allah ya kai mu. Ya tambayi yara, ya tambayi Dogo da tandarsa. Bai tambayi sukari ba. Bai taɓa tambaya ba.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Tamanin da tara. Da safe lafiya lau take nunawa, to me ya faru ranar Asabar? Na ce ko akwai inda sitaci ke shigo mini ban sani ba. Na daina madara a shayi. Na daina karas. Albasa ma na rage, an ce akwai zaƙi a cikinta. Saura ƙwai, kifi, kabeji, ruwa.

Na gaji. Hawa matakalar gidan burodin nan sai na tsaya a tsakiya.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma da rabi

Na sake. 214.

Garin gyaran gira ina neman rasa ido.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Maigida ya buɗe na'urar. Ashe tana ajiye lambobin a cikinta, ni ban sani ba, shi kuwa ba a ajiye masa abu mai batir bai latsa ba. Ya same ni a kicin ina wanke kifi.

"Wannan ɗari biyun na mene ne?"

Na gaya masa. Ya jingina da ƙofa. Sai ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji ta har cikin raina.

"To. Allah ya san abin da yake yi."

"Me kake nufi?"

"Kin yi iya ƙoƙarinki, kowa ya gani. Ba wanda zai ce kin ƙi. Ni ma ina da 'ya'ya biyu da ke buƙatar uwa, ko ba ni da hakkin in faɗa?"

Na ce masa ashe faɗuwa ce ta zo masa daidai da zama. Na ce ƙanena na kwance yana tsotsar ƙanƙara shi yana nan yana hamdala. Na faɗi maganganu da yawa, murya sama, har maƙwabciya ta rage rediyonta. Bai rama ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali:

"Ni dai na san mako guda ke nan kina barci."

Na jefa kifin a roba na fita tsakar gida. Ban ci abincin dare ba.

Talata, 18 ga wata, da yamma

Ban je asibiti ba. Na ce wa matar Auta aiki ya yi yawa.

Laraba, 19 ga wata, lokacin hutun rana

Umma ta kira sau biyu. "Babba, me kika ci yau?" Na lissafa mata. Ta sa mini albarka har kuɗin wayarta ya ƙare. Na yi niyyar in gaya mata, bakina ya ƙi. Rana dai ba ta ƙarya, saura mako guda.

An ce ɗan'uwa rabin jiki. Ban taɓa zaton wata rana likita zai zo da wuƙa ya ce a tabbatar ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Nas ɗin sashen dashen ƙoda ta kira, ina tsakiyar sallamar mutane. Na ba Dogo kanta na koma bayan buhunan fulawa.

Ta ce tuni ne take yi mini a kan ranar 27. In kwana ban ci ba, in zo da sassafe. Sai ta ƙara da cewa, "Kuma kwana uku kafin ranar ki ci abincinki kamar yadda kika saba, shinkafa, burodi, taliya, kada ki rage."

Na ce, "Sista, ni rabona da shinkafa wata uku."

Ta ce, "Wa ya ce ki yi haka?"

Na ce likita ya ce a rage. Ta ce rage ai ba daina ba ne. Ta yi mini bayani yadda zan gane. Jikin da ya daɗe bai ga sitaci ba, ya saba da ƙona kitse, in aka kwararo masa gulukos lokaci guda sai ya rikice, ya kasa kwashe shi daga jini da wuri. Lambar ta yi sama ko da mutum ba shi da ciwon. Shi ya sa ake so a ci sitaci sosai kwana uku, jiki ya tuna aikinsa. Na tattara ƙarfin hali na gaya mata 203 da 214.

"A gida kika yi? To waɗannan ba su gaya mana komai ba. Mai yiwuwa akwai matsala, mai yiwuwa babu, kuma na'urar yatsa ba ita muke bi ba. Amma in kika zo mini a haka ba ki ci ba, ina jin tsoron za ki faɗi gwajin a banza. Ki fara ci ranar Litinin. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

Na zauna a kan buhun fulawa har Dogo ya leƙo ya ce layi ya kai titi.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Ban yi barci ba.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Ban gaya wa kowa ba. Ni da nas kaɗai muka sani, ita kuwa ba ta bin mutane gida ta ga abin da ke cikin kwanonsu.

Abin da ke yawo a kaina ke nan tun shekaranjiya. In na ci gaba da kabejina zuwa Alhamis, ba abin da na canza. Ban yi ƙarya ba, ban ƙi ba. Kowa zai ce baiwar Allah ta wahala, jikinta ne ya ƙi. Umma za ta rungume ni ta yi kuka.

Na rubuta shi. Hannuna ne ya rubuta, ina kallo.

Ina tsoron wuƙa. Ina tsoron a sa ni barci in ƙi tashi. Ina tsoron ƙodar da za ta rage mini ta gaji wata rana, in koma gadon da ke kusa da taga. Ƙaramar 'yata har yanzu ni nake yi mata kitso, ba ta yarda da hannun kowa.

Ƙwai. Kifi. Kabeji.

Lahadi, 23 ga wata, bayan azahar

Mun ci abinci a gidan Umma. An dafa shinkafa, ni an yi mini nawa daban, ganye da kifi. Babbar 'yata ta miƙo mini cokalin shinkafa da wasa, Umma ta buge mata hannu.

"Ke, rufa mana asiri! Saura kwana huɗu." Ta juya ga baƙuwar da ta zo duba Auta. "Kin ga wannan? Wata uku ko ƙwayar shinkafa ba ta sa a baki ba, saboda ƙaninta. Kuma a cikin burodi take yini. Wa ya haifi irin wannan in ba ni ba?"

Baƙuwar ta ce Allah ya biya. Na sunkuyar da kai. Sun ɗauka kunya ce, kuma kunyar ce.

Auta bai fito ba, yana ɗaki. Da zan tafi na leƙa, yana barci a zaune don in ya kwanta numfashi na yi masa wuya. Leɓensa ya bushe ya tsattsage. Fulas ɗin ƙanƙarar na gefensa, murfin a buɗe, ta narke. Na rufe masa.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Yau ce ranar da nas ta ce. Na dafa ƙwai biyu. Na cinye. Na fita.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

An fito da zubin farko daga tanda. Ina sa su a leda, ɗaya bayan ɗaya, ɗumin na ratsa tafin hannuna. Na kai guda ashirin ko fiye. Sai na ɗauki ɗaya na ajiye gefe, na sa kuɗinsa a akwati, na zauna a kan kujerar Dogo na ɓalle shi biyu.

Dogo ya tsaya da faranti a hannu. "Anti! Lafiya? Ko an fasa ne?"

"Ba a fasa ba. Miƙo mini shayin nan."

Wata uku ina jin ƙamshinsa ina haɗiyar yawu. Yau da na ci, ban ji daɗin komai ba. Na dinga turawa da shayi kamar magani. Na cinye rabi, hawaye na zuba, Dogo ya juya baya ya kama goge tandar da ba ta da datti.

Litinin, da magariba

Na tafi gidan Umma da sauran rabin, don na san in ta ji a bakin wani za a yi tashin hankali. Na zauna a gabanta na fito da shi na gutsura.

Ta miƙe tsaye. "Babba! Me nake gani? Kashe mini shi za ki yi? Kwana uku ya rage, kwana uku kika kasa haƙuri?" Ta fizge ledar ta jefar. "In kin fasa ki faɗa mini da baki, ba sai kin yi mini haka ba."

Na bar ta ta yi. Sannan na kira nas na sa a lasifika, na roƙe ta ta maimaita. Ta maimaita. Umma ta saurara, ta koma ta zauna a hankali.

"Wato duk hanin da nake yi..."

"Ba ke kaɗai ba ce, Umma. Ni ma har albasa na daina."

"Yaushe aka gaya miki?"

Na ce Alhamis. Ta dube ni. Jiya ta buge hannun jikarta a gabana, na yi shiru, kuma ta tuna. Na jira tambayar. Ba ta yi ta ba. Ta tashi ta ɗauko ledar daga ƙasa, ta kaɗe, ta ajiye mini a cinya, ta shiga kicin. Na ji tana wanke shinkafa.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Burodi da safe, taliya da rana, shinkafa da dare. Cikina ya kumbura, barci nake ji a tsaye. Umma na kira: "Babba, me kika ci? Ƙara."

Na gaya wa Maigida. Ya daɗe yana juya sukudireba a hannu. Ya ce, "Da kin yi shiru ba wanda zai sani." Na ce na sani. Ya fita. Da ya dawo ya ajiye ledar dankali a kicin.

Laraba, 26 ga wata, da la'asar

Saura ledar gulukos ɗaya a jakata. Na zubar a kwata. Na gaji da sukan yatsa.

Alhamis, 27 ga wata, bayan azahar

126.

Nas ce ta faɗa, tana murmushi. Umma ta zube a kan benci tana hamdala. Maigida ya riƙe jakata da hannu biyu, yana kallon ƙasa. Ni kuwa na nemi wuri na zauna. Na yi murna, wallahi na yi. Tsoron ma yana nan, bai matsa ko'ina ba.

Na ce su bar ni in hau sama ni kaɗai. Auta na kan injin, bargo har wuya. Na ja kujera na faɗa masa lambar. Na ɗauka zai yi dariya ko kuka. Sai ya rufe ido.

"Mijinki ya zo nan makon jiya," ya ce. "Ya ce mini kin gwada a gida ya haura ɗari biyu. Ya ce in shirya zuciyata."

"Bai gaya mini ba."

"Ni na hana shi. Yaya, kin san me? Ranar na yi barci. Rabon da in yi irinsa har na manta. Na ce shi ke nan, ba za a yanka ki saboda ni ba. Ban iya cewa ki bari, don ina so in rayu. Ban iya cewa ki yi. Sai na'ura ta faɗa a madadina."

Na dube shi, ɗan yaron da na goya. Na ce, "Ni mako guda na yi ina barci."

Ya buɗe ido. Sai dariya ta kama mu, irin wadda ba ta da sauti, har injin ya yi ƙara nas ta leƙo ta ce ya daina motsa hannu.

"Kina tsoro?"

"Kamar in mutu."

"Ni ma. To yanzu yaya za mu yi?"

"Sai mu yi ta rashin barcin tare har ranar."

Ya miƙa hannu wajen fulas, bai kai ba. Na buɗe na ɗauko ƙanƙara guda na sa masa a baki. Na ce masa kofin Umma babba yana jakata, tun safe na ɗauko shi daga kwandon wanke-wanke, kuma ba zan mayar ba sai ya sha.